Abin da ya sa nake hana ka lanƙwasa batir

Ka ce tunda ga wayoyi masu naɗewa cike da kasuwar waya ta Banex, me zai sa in riƙa yi maka faɗa in ka tanƙwara batir wajen ɓamɓaro shi daga gam. To ɗana, buɗe Galaxy Fold da Samsung ta fitar a 2019, batir biyu za ka tarar, kowane ɓari da nasa. Fuskar wayar ce ke naɗewa, batir yana nan a miƙe.

Cikin batir falle-falle ne. Akwai fallen alminiyam da aka shafe da garin litiyam da kobal, akwai na jan ƙarfe da aka shafe da girafayit, baƙin nan na cikin fensir. Tsakaninsu wata 'yar leda ce da ba ta kai kaurin gashin kai ba, ita ke hana su taɓa juna. Shafen nan kamar lalle ne da ya bushe a tafin hannu, kana dunƙule hannun zai tsattsage ya zube. Daga nan batir ya daina riƙe caji, kuma wannan mai sauƙin ke nan. In ledar ta huje fallayen suka haɗu, sai wuta, domin akwai ruwan sinadari a cikin batir, kuma mai kamawa ne. Galaxy Note 7 da aka janye daga kasuwa a 2016, cikin dalilan har da kusurwar falle da ta tanƙware.

Masu bincike na son batir mai lanƙwasuwa na gaske, saboda agogon hannu da tufafi masu na'ura. Dabararsu ita ce a maye gurbin fallen ƙarfen da yadin kabon, ko siraran bututan kabon, ko girafin, wato fallen kabon mai matuƙar siranta, waɗanda ke kai wuta kuma ba sa karyewa, a dasa garin a jikin zaren kansa. Ni yadin nan ya fi kwanta mini, sai dai tsada. Silikon kuwa, da ake son ya maye gurbin girafayit, ya ninka shi kusan sau 10 wajen ɗaukar litiyam, amma in ya sha caji yakan kumbura wajen ninki 3, ya farfashe.

Batir mai lanƙwasuwa dai bai iso teburinmu ba. Saboda haka dumama bayan wayar kaɗan, ka ja gam ɗin a hankali, ka zura katin roba, kada sukudireba ta kusanci wurin. Wanda ya riga ya tanƙware kuma kada ka mayar wa mai waya, ko da yana kawo wuta. Saka shi a bokitin yashin can na bakin ƙofa.