Kafin ka zuba jari a na'urar kallon taurari

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan lantarki a kasuwar Kejetia da ke Kumasi. Malaman makaranta biyu sun nemi na'urar kallon taurari mai madubi a wurina, na kuma ga wasu masu araha da aka rubuta wa "sau 600" a jikin kwali, wato wai suna ƙara girman abu sau 600. In saro guda ashirin?

Amsa: Alhaji, kada ka saro ashirin, domin wannan haja ce mai jinkirin fita, kuma buƙatar mutum biyu ba ta isa ka ɗaure jarinka a kwantai ba. Ka karɓi kafin alƙalami daga malaman nan, ka kawo uku ko huɗu, bayan ka lissafa kuɗin jirgi da na fito a tashar Tema, tun da kwalin yana da girma kuma madubi ba ya jure wurgi.

Wancan rubutu na "sau 600" tallar banza ce. Ƙarfin na'urar, wadda Isaac Newton ya ƙera irinta a 1668, yana ga faɗin madubin da ke tattara haske, kuma ƙa'idar masu harkar ita ce girman da ke da amfani ba ya wuce ninki biyu na faɗin madubin a milimita. Mai milimita 130 iyakarta kusan sau 260 ke nan. Abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai, kuma wanda ya saya zai dawo maka da ita. Ga mai koyo, 130 zuwa 150 ya wadatar a ga ramukan wata, da zoben Zuhal, da watanni huɗu na Mushtari.

Ka kula da mazauninta sosai. Akwai mai ƙafa uku da ake saita shi da tauraron arewa, amma Kumasi ba ta kai digiri 7 daga layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, ba, saboda haka tauraron yana can ƙasa, gidaje da ƙura sun tare shi. Ka zaɓi samfurin Dobson, wanda ke zaune a kan akwatin katako ana juya shi da hannu, ya fi sauƙi ga ɗalibi, kuma yawancin kuɗinsa a madubi ya tafi.

Wasu za su nema don duban watan azumi. Ka gaya musu gaskiya cewa tabarau mai hangen nesa na ido biyu ya fi dacewa da wannan, kuma na'urar mai madubi tana nuna abu a kife. Ka gargaɗi kowa kada ya kalli rana da ita, domin tana makantarwa nan take.

Ribarka mai ɗorewa tana ga hidima. Madubin yakan goce a hanya sai an daidaita shi, ƙurar hunturu da laimar damina kuma suna ɓata shi. Ka koyi saitin, ka riƙa cajin makarantu kuɗinsa.