Me ya sa kwamfutar kwaikwayo ba ta ganin katin GPU?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutar kwaikwayon (wato kwamfuta ta manhaja mai aiki a cikin wata kwamfuta) da ka tayar a OpenStack, manhajar sarrafa irin waɗannan kwamfutoci, ba ta ganin katin GPU (katin sarrafa hoto) na sabar, wato babbar kwamfutar da take aiki a kanta. Fara da BIOS, saitin da ake shiga yayin kunna sabar: kunna VT-d in Intel ce, AMD-Vi in AMD ce, ka tabbatar IOMMU na aiki, domin shi ke ba da damar miƙa katin ga kwamfutar kwaikwayo. Sannan ka raba katin da direbansa (manhajar da ke sarrafa shi a sabar), ka ɗaura shi kan direban vfio-pci. Buga umarnin lspci -nn ka kwafo lambobin shaidar katin zuwa saitin Nova, sashen OpenStack mai tayar da kwamfutocin kwaikwayo. Na katin NVIDIA da 10de suke farawa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne rukunin IOMMU. Na'urorin rukuni ɗaya tare suke tafiya, kuma sau da yawa ɓangaren sauti na katin ne ake mantawa a ɗaura kan vfio-pci. Shi nake zargi a matsalarka, duba shi tukuna.