Kumburin muƙamuƙi a jikin ɓeran Masar: ƙari ne ko ƙurji?

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya. Kin ce ɓeran Masar ɗin 'yarki ya fito da wani kumburi mai tauri a ƙasan muƙamuƙi, miyau na zubar masa, ya rage ci, kuma mai shagon da kuka saya a Makka ya ce ƙari ne, a yanke masa haƙoran gaba kawai. Na daɗe ina kiwonsu a nan Jidda, kuma abin da zan fara faɗa miki shi ne, babu wanda zai shafa kumburin nan da hannu ya tabbatar miki ƙari ne, ko da likita ne balle mai shago.

Dabbar nan haƙora 20 gare ta, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ta mutu. Huɗu na gaba kaɗai muke iya gani, sauran 16 turame ne da ke can ciki, kuma yawanci a can matsalar take. In turamen ƙasa suka yi tsawo, sukan karkata ciki su haɗu a saman harshe kamar gada, sai ki ga yana ɗaukar abinci yana yarwa. Yunwa yake ji, haɗiya ce ta gagara. Yanke na gaba ba ya taɓa wannan, kuma in da abin yankan farce aka yi, haƙorin na iya tsagewa har cikin dasashi.

Kumburin kuwa abubuwa da yawa kan kawo shi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani shi ne ƙurji a saiwar haƙori, kuma mugunyar ɓeran Masar kauri gare ta, shi ya sa yake jin tauri a hannu har a ɗauka ƙari ne. Akwai kaluluwar wuya da ƙwayar cuta ke kumburawa. Akwai saiwar turmi da ta yi tsawo tana tura ƙashi. Sai kuma ƙarin na gaskiya, wanda likitoci ke kira elodontoma, wato naman da ke ƙera haƙori ne ya rikice ya dunƙule a cikin ƙashi. Bai cika yaɗuwa cikin jiki ba, amma yana cin ƙashin da ke kusa da shi. In a muƙamuƙin sama yake, yakan toshe hanci, su kuwa da hanci kaɗai suke numfashi. Nawa da ya kamu da shi, minshari da majina ya fara, babu wani kumburin da ake gani a waje.

Ki nemi likitan dabbobi da ya saba da zomaye da ire-irensu, ba duk mai duba kyanwa ba ne ya san bakin ɓeran Masar. Sai an sa shi barci kafin a ga turamen da kyau. Daga nan a ɗauki hoton ƙashin kai ta ɓangarori daban-daban, domin hoto ɗaya ƙasusuwan hawa juna suke yi. In da hali, siti sikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai yanki-yanki, ya fi nuna iyakar abin. Likita na iya tsira allura ya zuƙo abin da ke ciki, in mugunya ta fito nan take za a gani. Amma sunan ƙari ba ya tabbata sai an yanko ɗan yanki an kai ɗakin gwaji. Ki tambayi kuɗin kowane mataki tun farko, don abin ba araha ba ne.

Kafin ku samu zuwa, don Allah kada a ba shi amoksilin ko fenisilin na gida, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, ya yi gudawa ya mutu. Ki jiƙa abincinsa na kwali ya yi laushi, ki riƙa ba shi da sirinji kaɗan-kaɗan, domin cikinsu bai jure zama babu abinci. Ki haɗa da bitamin C, jikinsu ba ya yin nasa, kuma rashinsa ma yana lalata haƙori. Tattasai mai zaƙi da gwaiba suna da shi. Ki riƙa ɗora shi a sikelin kicin kowace safiya kina rubutawa, babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, likita zai so ganin yadda yake raguwa. Ranar tafiya kuma a fara sanyaya motar kafin a sa shi ciki, zafin Makka kaɗai ya isa ya kashe shi a hanya. Allah ya ba shi lafiya.