Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Cewa "Rescue"?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni sabon ma'aikaci ne a wani gidan rediyo, kuma aikina shi ne fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa. Kalmar "rescue" tana ba ni wahala, domin ina ganin ana musanya ta da "save", wani lokaci kuma da "release". Shin dukkansu ceto suke nufi? Daga mai karatunku a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya yi wa sabon aiki albarka. Kalmomin nan uku maƙwabtan juna ne, amma kowace da gidanta.

Turanci ya aro "rescue" ne daga tsohon Faransanci tun ƙarni na 14, kuma asalinta yana ɗauke da ma'anar fizge abu daga inda aka riƙe shi. Har yau wannan ma'anar ba ta rabu da ita ba. Galibi ba a amfani da ita sai in akwai haɗari a tsaye, kuma wani ya tashi da ƙarfinsa ko dabararsa ya fid da wanda ke ciki. Yaro ya faɗa rijiya, maƙwabci ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ya fito da shi: wannan shi ne "rescue" tsantsa. Haka aka yi amfani da ita a 2010 lokacin da aka zaƙulo masu haƙar ma'adinai 33 a ƙasar Chile bayan sun kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa, haka kuma a 2018 da aka fito da yara 12 da kocinsu daga kogon da ruwa ya rutsa da su a Tailan.

Tana zuwa a matsayin aikatau, kuma galibi "from" ke bin ta domin nuna abin da aka kuɓutar da mutum daga gare shi, kamar a "they rescued him from the fire". Tana kuma zuwa a matsayin suna, kamar a "rescue team", wato tawagar masu aikin ceto. Idan an ce wani "came to the rescue", ana nufin ya kawo ɗauki, ko da matsalar ƙarama ce kamar mutuwar mota a hanya.

Ita kuwa "save" ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Likitan da ya yi wa mara lafiya tiyata ya tsira da ransa, "save" ya yi. Da ita ake tanadin kuɗi, da ita ake adana rubutu a kwamfuta, kuma a duk waɗannan wuraren "rescue" ba ta shiga.

Inda nake so ka fi sa ido, domin ya shafi aikinka kai tsaye, shi ne tsakanin "rescue" da "release". Idan jami'an tsaro suka kutsa daji suka ƙwato waɗanda aka yi garkuwa da su, an ceto su, ko an kuɓutar da su. Idan kuwa masu garkuwar ne suka bar su suka tafi, bayan sulhu ko biyan kuɗin fansa, to an sako su ne, kuma kalmar da ta dace ita ce "release". Lokacin da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 suka dawo a watan Disamba na 2020, kalmomin biyu duk sun bayyana a kanun labarai, alhali kowace labari daban take bayarwa game da yadda yaran suka fito.

Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin uwar da ta kasa kunne ga rediyo tana jiran labarin ɗanta ta cancanci a gaya mata ainihin abin da ya faru. Saboda haka, idan sanarwa ta zo maka da "rescued" ba tare da bayanin yadda aka yi ba, ka jingina maganar ga mai ita, ka ce rundunar ta ce ta ceto su, har sai cikakken bayani ya iso teburinka.