Amsa: tulun da ya ƙi komawa zakara

Malam, ka ce a zane mai motsi kana son tulu ya rikiɗe ya koma zakara, amma naka tsalle kawai yake yi. Ba laifin manhaja ba ne, a jere kake zanawa tun daga farko.

Fara zana tulun, sai zakaran a ƙarshe, sannan na tsakiya, wanda shi ba tulu ba, ba zakara ba. Nan aikin yake. Tun wuri ka san inda kowane sashe zai nufa: bakin tulu ya miƙe ya zama wuya, cikinsa ƙirji, gindin ya tsage ƙafafu su fito. Sai ka riƙa cike giɓin, rabi bayan rabi. Kunna inuwar zanen baya, a manhajar zane ta Krita alamarta kwan fitila ce.

Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, amma zane 12 ya ishe ka, kowanne ya fito sau biyu. Wajen farko da ƙarshe ka matso da zanukan kusa da juna, motsin zai taso a hankali.

Krita kyauta ce. In babu kwamfuta, ga FlipaClip a waya, da ita na fara a Samaru, da yatsa ma kuwa. Ka dai riƙa adanawa, an taɓa ɗauke min wuta ina tsakiyar wutsiyar zakara.