Zauren Malama: Kimiyya, Adabi ko Kasuwanci?

Wasiƙun da suka iso ni a nan Gombe wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, domin lokaci ne da ake raba yaran da suka gama ƙaramar sakandare zuwa azuzuwa. Na ɗauko biyar daga ciki, na ɗan gajarta su saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ɗana na fari ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. Tun yana goye nake roƙon Allah Ya ba mu likita, don duk zuriyarmu babu ko ɗaya. Yanzu makaranta ta sa shi ajin adabi, wai lissafinsa bai kai ba. Abokaina sun ce in je in sami shugaban makarantar, a yi abin da za a yi a mayar da shi ajin kimiyya. Ni dai a sanina ajin adabi na marasa ƙoƙari ne. Me kike gani?
Wani uba, Kumo

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya raya maka shi, Ya sa ka ci moriyarsa. Burinka mai kyau ne, kuma jiharmu tana bukatar likitoci ƙwarai. Amma kafin ka nufi ofishin shugaban makaranta, akwai aikin da za ka fara yi a gida. Ka ce yaron ya kawo maka takardun sakamakonsa na zango tara da ya yi a ƙaramar sakandare, tare da littattafan da yake aikin lissafi da kimiyya a ciki. Ka baje su a tabarma ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan ka ga da yana cin lissafi, sai a wani zango makinsa ya faɗi, to akwai dalili. Wataƙila ya yi jinya, wataƙila an canja musu malami, wataƙila kuma damina ce ta riƙa kai shi gona yana rasa darasin safe. Irin wannan yana da magani. Ka ɗauki takardun ka je makarantar da rana tsaka, ka roƙi a yi masa gwaji, ko a ba shi zango ɗaya a ajin kimiyya a ga kamun ludayinsa. Shugaban makaranta mai adalci zai saurare ka. Wancan "a yi abin da za a yi" da abokanka ke faɗa kuwa, ka rabu da shi. Kujerar ajin za ka iya samar masa da kuɗi, fahimtar darasin sai shi da kansa.

Idan kuma tun daga aji ɗaya lissafin yana ƙasa, alhali Turanci da Hausa da ilimin addini suna sama, to makarantar gaskiya ta gaya maka. Kemistiri na koyar har na yi ritaya, saboda haka na san abin da ke jiran sa. Iyaye da yawa suna zaton haddar sunayen sinadarai ne. Tun a shekarar farko za a fara lissafin nauyin sinadarai da daidaita ɓangarori biyu na haɗi, a fiziks kuma lissafin gudu da nisa da ƙarfi. Yaron da rabawa da kasafi ke ba shi wuya zai koma kujerar baya, ya riƙa kwafar abin da ke allo bai san ma'anarsa ba. Kafin a gama aji biyu ya tsani makarantar gaba ɗaya. In aji uku ya zo, sai ka ga uban da ya tilasta shi yana cigiyar inda ake "taimaka wa yara" a jarabawa. Na ga wannan da idona sau da yawa, kuma har yau yana ci mini rai, domin yawancin yaran nan haziƙai ne a wani fannin.

Ko da an samo kiredit ɗin ta wannan hanyar, JAMB, wato jarabawar shiga jami'a, tana gaba. Mai son likitanci zai zauna gaban kwamfuta shi kaɗai ya amsa Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, maki 400 ake rabawa, kuma sashen likitanci yana cikin masu neman maki mafi yawa a kowace jami'a. Guraben da ke Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare ba su kai yawan masu nema ba. Wanda ya samu kuma shekara 6 zai yi yana karatu, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti.

Maganar cewa ajin adabi na marasa ƙoƙari ne, wannan ban yarda da ita ba, Alhaji, ko da yake na san inda ta samo asali. Wasu makarantun ne suka mayar da shi wurin tara duk wanda ya rage bayan an tsince 'yan kimiyya, kuma laifi ne babba. Daga wannan ajin alƙalai da lauyoyi da 'yan jarida da malaman harsuna ke fitowa. Ita kanta jami'ar Bauchi da ke yaye injiniyoyi, sunan malamin makaranta take ɗauke da shi, mutumin da duniya ta san shi da iya magana. Akwai kuma ajin kasuwanci, sai dai mai son karatun akanta shi ma sai da kiredit a lissafi. Kowane aji ya shiga zai rubuta lissafi a WAEC da NECO, jarabawoyin kammala sakandare, don haka kuɗin da ka yi niyyar kashewa ka nemo masa malamin da zai riƙa zama da shi da yamma.

Abu na ƙarshe, a wasiƙarka ban ji abin da shi yaron yake so ba. Na san ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninku, kuma ba zai iya kallon idonka ya ce ba ya son likitanci ba. Ka sa kawunsa ko gwaggonsa su ja shi da hira su jiyo maka.

TAMBAYA: Malama, ina aji biyu na babbar sakandare, ajin adabi. Ƙawayena na bi na shiga, ban yi tunani ba. Yanzu na gane aikin jinya nake so, tun da na yi zaman jinyar kakata a asibiti. Zan iya sauyawa?
Wata ɗaliba, Azare

AMSA: 'Yata, Allah Ya ba kakarki lafiya, Ya saka miki da alheri. Za ki iya, amma ba zan ɓoye miki tsadar abin ba. Makarantun koyon jinya da ungozoma suna neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Babu darasin adabi da zai maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Su kuma fiziks da kemistiri a jere suke, darasin aji biyu a kan na aji ɗaya yake zaune. In kika faɗa ajin kimiyya yanzu a tsakiya, za ki riƙa jin malami kamar da wani yare yake magana. Ga kuma jarabawar gwaji a ɗakin gwaje-gwaje, inda za a ba ki kwalabe da ruwan sinadari a ce ki auna da hannunki. Ban da wannan, makaranta tana tura wa WAEC makin gwaje-gwajen da kika yi tun daga aji ɗaya a darussan da za ki rubuta.

Shawarata ki koma aji ɗaya ki faro daga tushe. Na san abin da zai fara zuwa ranki: ƙawayenki za su riga ki gamawa, ƙannenki za su zama 'yan ajinku. Kunyar ba za ta wuce makonnin farko ba. Shekara ɗaya kuma ba ta da yawa in aka gwada ta da aikin da za ki yi tsawon rayuwa, a yankin da mata da yawa ke fasa zuwa awo in sun ji namiji ne zai duba su.

Sai dai ki fara gwada kanki. Ki ari littafin kemistiri na aji ɗaya, ki nemi wata 'yar ajin kimiyya ta bi babi biyu ko uku da ke a wannan hutun. In kin ji yana shiga, ki sami mahaifiyarki da maganar tukuna, ita ta san lokacin da ya dace a gaya wa mahaifinki, tun da kuɗin ƙarin shekara a wuyansa zai sauka.

TAMBAYA: Malama, lauya nake son zama. Na shiga aji ɗaya na babbar sakandare, amma makarantarmu ba ta da malamin adabin Turanci. An ce mu ɗauki Hausa a madadinsa, wai duk ɗaya ne.
Wani ɗalibi, Bauchi

AMSA: Ɗana, ba ɗaya ba ne, kuma na ji daɗi da ka yi tambayar tun yanzu. Ka riƙe Hausa, darasi ne mai daraja kuma zai ƙara maka kiredit. Amma mafi yawan jami'o'i suna neman kiredit a adabin Turanci ga mai son karatun lauya, a JAMB ma yana cikin darussa huɗun da ake so ka rubuta. Yara da dama ba sa jin wannan labarin sai ranar da suka je cike fam, bayan sun gama sakandare da sakamako mai kyau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku haɗu ku da kuke son wannan fanni, ku sa iyayenku su kai maganar taron iyaye da malamai. Sau da yawa malamin Turancin da ke makarantar zai iya koyar da adabin in aka roƙe shi, ko a nemi ɗan bautar ƙasa. Littattafan da za a yi tambaya a kansu sanannu ne, hukumar jarabawa tana fitar da jerinsu na 'yan shekaru, ana samun su a kantunan littattafai. In duk wannan ya gagara, sauya makaranta a aji ɗaya ya fi sauƙi a kan aji uku.

In kana da Larabci, ka riƙe shi da ilimin addinin Musulunci. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da ta Maiduguri suna koyar da shari'ar Musulunci a tsangayar lauyoyi, kuma sharuɗɗansu sukan ɗan bambanta. Ka buɗe kundin ƙa'idojin JAMB a shafinsu na intanet, ka karanta abin da kowace ta rubuta da idonka.

TAMBAYA: Ina ajin kimiyya, injiniya nake so. An ce in zaɓi biyu cikin ƙarin lissafi, labarin ƙasa, aikin gona da tattalin arziki.
Wani ɗalibi, Bajoga

AMSA: Ka ɗauki ƙarin lissafi, ɗana, in dai akwai mai koyar da shi. Ba a cika sa shi cikin sharuɗɗan shiga ba, shi ya sa yara ke gudun sa, amma abin da ke cikinsa shi ne za ka tarar a shekarar farko ta jami'a. Na biyun kuwa ni tattalin arziki zan zaɓa maka, domin in ra'ayinka ya sauya zai buɗe maka ƙofar sassan kasuwanci. Idan kuma hankalinka yana wajen duwatsu da ma'adinai, ga kamfanin siminti na Ashaka kusa da ku, ga aikin man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 a iyakar Bauchi da Gombe, to labarin ƙasa zai yi maka amfani.

TAMBAYA: Malama, an ce 'yata ta zaɓi darasin sana'a guda ɗaya. Maigidana ya ce ɓata lokaci ne, ta ɗauki wanda ya fi sauƙin ci kawai. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba.
Wata uwa, Pantami, Gombe

AMSA: Hajiya, zuciyarki ta gaya miki gaskiya, ko da yake na fahimci maigidan. Tun da aka shigo da darussan sana'a a manhajar 2011, har guda 34, makarantu da yawa a allo kawai suke koyar da su. Yarinya za ta ci jarabawar ɗinki ba ta taɓa taka keke ba. Duk uban da ya ga haka dole ya ce ɓata lokaci ne.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage su zuwa 6: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noman lambu da amfanin gona. Ki duba jerin nan ki duba unguwarku. Gidaje nawa ne yanzu suka ɗora farantin sola a kan rufi, kuma wa ke zuwa ya gyara in ya lalace? Yawancin masu gyaran waya maza ne, ga matan aure da yawa da ba sa sakin jiki su miƙa wayarsu da hotunan iyali a ciki ga baƙon namiji. Yarinyar da ta iya wannan aikin daga cikin gida za ta riƙa samun ciniki. Mai son noman lambu kuma, ga Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa, ba sai ta yi nisa ba.

Ki je makarantar da kanki ki tambayi abu biyu: wace sana'a ce ke da malamin da ya iya ta da hannunsa, kuma wacce ce ke da kayan aiki? Ki ce a nuna miki ɗakin. In kekunan ɗinki suna nan kuma suna aiki, alhali sola a takarda kawai take, to ɗinkin ya fi mata, ko da ta fi sha'awar ɗayar. In kuma babu kayan ko ɗaya, ta zaɓi wadda ranta ke so, ke kuma ki nemo mata wata amintacciya a unguwa da ke wannan sana'ar, ta riƙa zuwa wajenta Asabar da Lahadi da lokacin dogon hutu. Ki gaya wa maigidan haka, ki kuma roƙe shi ya raka ki ranar da za ki duba ɗakin.

Masu tambaya a kan makarantun koyon fasaha da jarabawar NABTEB ta fannin fasaha da kasuwanci, wasiƙunku sun iso, su ne na wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.