Amsa ga mai son koyon ɗaukar hoto a Nima

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ka koyi ɗaukar hoto da gyaransa, da yadda ake sayarwa.

Ka fara da Dikan Center, cibiyar koyon hoto da ke unguwar Osu a Accra, wadda Paul Ninson ya buɗe a 2022. Akwai ɗakin karatu cike da littattafan hoto. Idan za ka sayi kyamara ta hannu, ka haska tocila cikin gilashinta. Danshin Accra yana sa funfuna ta tsiro a ciki kamar saƙar gizo, kuma cire ta da wuya. Gilashin kyamara mai lamba 50mm f/1.8 a jikinsa ya ishe ka farawa.

Abin da ya fi ɓata hotunan suna da biki a Zango shi ne farar riga a tsakar rana. Kyamara tana ƙona farin har ɗinkin ya ɓace, ko ta duhunta fuska. Ka tsayar da mutum a inuwa, ka ɗauka a RAW (tsarin ajiye hoto ɗanye, wanda ya fi karɓar gyara), saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa. Wajen gyara, manhajojin Snapseed a waya da Darktable a kwamfuta duk kyauta ne. Don Allah kada ka mai da fatar mutane fara, launinta ne kyan hoton.

Wajen sayarwa, Adobe Stock, shafin sayar da hotuna a intanet, suna biyan kashi 33 cikin ɗari na kuɗin da aka sayi hoton, amma sai girman hoton ya kai megafiksel 4, kuma duk wanda ake gane fuskarsa sai ya sa hannu a takardar izini. Kuɗinsu a hankali suke taruwa. A ganina aikin biki ya fi saurin kawo sidi: karɓi rabin kuɗin ta MoMo (tura kuɗi ta waya) kafin ranar.